Famfon da Kawu Ya Bari a Bango

Kawu ya rasu a tsakiyar damina, kuma ina jin da an ba shi zaɓi da bai zaɓi damina ba, domin lokacin ne aikinsa ya fi yawa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na zauna rubuta wannan ne don tsoron kada a manta da shi, ko da yake mutum irin Kawu ba ya mantuwa da sauri. Amma dai gara a rubuta.

A zaman makoki, a ƙofar gidansa da ke Unguwar Kanawa, na lura da wani abu. Masu ta'aziyya sukan zo su zauna, a yi addu'a, su ce mana ya haƙuri, sai kuma idonsu ya zarce bango. A jikin bangon akwai famfo ɗaya da moɗar ƙarfe ɗaure da sarƙa. Tsofaffin abokan aikinsa suka ce an yi rashin mutum mai tsantseni. Liman ya ce an yi rashin mai sahun gaba. Sista, maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, ta shige wajen mata tana kuka tana cewa, "Yanzu da wa zan yi faɗa?" Sai wani direba daga tashar Kawo ya durƙusa, ya shafa addu'a, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Mai Ruwa, Allah ya sa ya huta." Sai ya dubi famfon. "To, ruwan fa?"

Liman ya harare shi.

"A'a, Malam, ba don kaina ba. Mutanen tasha ne suka ce in tambaya."

Tambayar ba ta tsaya a bakin direba ba. Bayan addu'ar uku, Yaya, babban ɗan Kawu da ke aiki a Abuja, ya ja ni gefe. Taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka bai taɓa yi mini magana ba tsokana, ko a gidan rasuwa.

"Malam Watakila, kai ka jawo mana wannan famfo. Ran bakwai zan koma Abuja. Kafin nan ina son amsa. Zai ci gaba da ba da ruwa mai kyau ba tare da Baba ba, ko in kira mai gyara ya cire shi a toshe bangon? Ba zan bar abin da zai shayar da mutane ciwo da sunan mahaifina ba. E ko a'a."

Na ce, "To, ya danganta."

"Na san haka za ka ce. Shi ya sa na ba ka kwanaki."

Yaya yana da gaskiya, ko aƙalla rabin gaskiya. Amma famfon nan shi ne sadakar da Kawu ya fi ji da ita, kuma ya sha faɗa cewa ita yake fatan ta riƙa bin sa kabari. Dole in koma baya kaɗan don a gane yadda aka yi.

Kawu ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya a sashen da ake duba kaya kafin a karɓa, kuma bai taɓa yin ritaya daga dubawa ba. Ba ya shan ruwa sai ya ɗaga tambulan ga rana, ya rufe ido ɗaya, ya juya shi. Yana yi a gidansa, yana yi a gidan mutane, yana yi a walima ana kallonsa. Har ruwan zamzam da amininsa ya kawo masa tsaraba sai da ya ɗaga, sannan ya tuna, ya yi istigfari, ya sha. In aka yi masa magana sai ya ce, "Ciki ba shi da taga. Abin da za ka duba, duba shi tun yana waje."

Rijiyar gidan kuwa da rani garau take, da damina sai ta koma kamar shayi da madara. Ruwan famfon unguwa yakan zo ne in ya ga dama. Inna, matar Kawu, takan jefa alif a ruwan, laka ta kwanta, ta tace da farin ƙyalle, Kawu ya ɗaga wa rana, ya girgiza kai, ya sha kamar magani.

Ina ajin ƙarshe a jami'a na zo hutu da matatar da nake aikin kammala karatuna a kanta. Wani bututu ne kamar gorar ruwa, cike da fararen zaruruwa masu rami a tsakiya. Jikin kowane zare yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana ratsawa, laka da ƙwayoyin cuta masu ɗan girma su tsaya a waje. A makaranta mamburen muke ce masa. Kawu ya leƙa ciki ya ce, "Wannan ai taliya ce." Daga ranar sunanta ke nan.

Na zuba ruwan rijiya ta sama. Ya ɗigo ta ƙasa. Kawu ya tara tambulan, ya ɗaga wa rana, ya daɗe yana juyawa har na fara tsorata. Sannan ya ce, "Kai, ɗan nan, ashe ba yawo ka je yi ba. Tana cire komai?"

"Tana cire yawanci, Kawu. Watakila mafi yawa. Gwargwadon irin ruwan dai."

"E ko a'a?"

"Ya danganta."

Nan na samu sunan da har yau ƙannena ke kira na da shi. Kuma nan na fara gane wani hali na Kawu wanda ya jawo yawancin abin da ya biyo baya: rabin farko na maganata kawai yake ji. Kafin in kai ga "amma", ya riga ya miƙe ya tafi aiwatarwa.

Cikin mako guda ya sa an ɗora duro ɗaya a kan dakali kusa da rijiya, ɗaya a ƙasa, taliya a tsakani. Ruwa na gangarowa da nauyinsa, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Da ya ga ruwan ya fi ƙarfin gidan, sai ya kira magini ya huda bango a zura tiyo zuwa waje.

Inna ta ce, "Malam, mutane na toshe ɓaraka, kai kana huda mana bango?"

Ya ce, "Ladan da zai shigo ta hudar nan, ƙofa ba za ta ɗauke shi ba."

Masu keke, masu tallan rake, 'yan makaranta, direbobin da ke ratsowa zuwa Kawo, duk suka gano famfon. Har suka koyi ɗaga moɗa ga rana kafin su sha, alhali moɗar ƙarfe ce, ba abin da ake gani ta cikinta.

Taliya tana da sharaɗi ɗaya. Lakar da ta tsare tana manne mata, in aka bar ta sai ta toshe. Dole kullum a cika babban sirinji da ruwa mai tsabta a tura shi ta baya da ƙarfi, dattin ya fita ta inda ya shigo. Wannan aikin Kawu ya ɗauke shi kamar wuridi. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya tura, ya tara jan ruwan da ya fito a wani tsohon kwano. Kuma ba ya zubar da kwanon sai ya nuna wa wani. Mai ƙosai ya gani, Liman ya gani, mai kawo takardar wuta ya gani. Yakan kai wa mutum kwanon har gaban hanci ya ce, "Ka ga wannan? Da a cikinka zai yi sallar azahar."

Rigimar da ta fi kowace girma ta faru ne ranar da dangin mai neman autarsa suka zo gaisuwa. Inna ta kwana biyu tana shiri. Ta yi kunun aya da dabino da kwakwa, irin wanda ake labarinsa har Unguwar Sarki, ta cika babbar roba ta rufe. Kawu ya ɗebi tambulan guda ya ɗaga wa rana. Rana ta ƙi fitowa ta ɗaya gefen. Ya kira ni.

"Taliya za ta iya da wannan?"

"To, Kawu, a ƙa'ida dai wani abu zai wuce, amma ina jin..."

"Wani abu zai wuce. Madalla."

Na bi shi ina ƙarasa maganar, amma ƙafarsa ta fi bakina sauri. Inna na kicin tana soya kaji, ya ɗauki robar ya juye gaba ɗaya a duron sama, wanda lakar rijiya ke kwance a gindinsa. So yake surukai su ga gidan da ko kunu sai an tace. Taliya ta ɗigo, ta ɗigo, ta ba da ɗan wani ruwa fari-fari mai zaƙi wanda bai kai rabin jug ba, sannan ta yi shiru. Duk abin da ya mai da kunu kunu ya tsaya a waje, domin a wurin taliya aya da laka duk ɗaya ne.

Baƙi na zaune a falo. Inna ta fito da faranti.

"Malam, ina kununa?"

"Yana hanya."

"Wace hanya?"

Ya nuna duro. Inna ta leƙa, ta dube shi, ta dube ni. Ni na dubi rijiya.

Haka aka kai wa baƙi ruwan nan a ƙananan kofuna. Babban baffan saurayi ya kurɓa, ya ɗan tauna bakinsa, ya ce, "Alhaji, wannan wane irin ruwa ne?"

Kawu ya ce, "Kunun aya ne, na 'yan boko."

"Allah mai iko. Lallai an ji kamar aya ta taɓa wucewa ta unguwar."

An ɗaura auren daga baya, ba abin da ya hana. Amma washegarin gaisuwar, Inna ta kawo wa Kawu tuwon shinkafa da wani kwano mai ruwan ɗumi ja-ja, ba ganye, ba kabewa, ba nama.

"Wannan fa?"

"Miyar taushe ce. Na tace maka. Ɗaga wa rana ka gani."

Kawu ya yi bisimilla, ya cinye tuwonsa tas da ruwan nan, ya wanke hannu ya ce, "Gishiri dai ya ji." Ranar ce Inna ta faɗa a gaban kowa cewa hannunta ba zai taɓa taɓa matatar nan ba har abada. Ni kuma na yi kwanaki ina wanke taliya da ruwan ɗumi kafin ta yafe mana.

Sai kuma zancen sukari. Likita ya ce sukarin jinin Kawu ya hau, ya bar shan zaƙi. Kawu ya yi tunani ya samo mafita. Ya sa na kawo masa ƙaramar taliya, wai ta tafiya. Ashe shayi yake haɗawa da sukari yadda ya saba, ya bar shi ya huce, ya tace, ya sha hankali kwance. Sista ce ta kama shi, ranar da ta shigo da abin gwajinta ta ga awon ya ƙi sauka.

"Baba Alhaji, me kake sha?"

"Shayi. Tatacce."

Ta juyo kaina. "Kai, ɗan boko, faɗa masa."

Na ce, "Kawu, shi sukari narkewa yake yi, in ya narke kuma ƙofofin taliya sun yi masa faɗi, kamar kaza a ƙofar gari. Saboda haka akwai yiwuwar..."

"Ba wata yiwuwa," in ji Sista. "Baba Alhaji, ɗanɗana. Da zaƙi?"

"Da zaƙi."

"To ina sukarin ya je?"

Kawu ya gyara zama. "Zaƙin ne ya wuce, Sista. Sukarin ya tsaya."

Sista ta miƙe. Ta ɗauki gwangwanin sukari ta sa a jakarta ta fita. Ita ce kuma, da ta ji na ce ƙwayoyin cuta mafi ƙanƙanta suna iya ratsa taliya, ta dage sai an riƙa ɗiga maganin ruwa a duron ƙasa. Kawu ya ce ba zai mai da sadakarsa mai warin asibiti ba. Suka yi ta yi ta kan katanga har suka daina gaisawa. A cikin wannan gaba ne mijin Sista ya rasu, gidanta ya cika da baƙi daga ƙauye. Kullum da safe sai ga Kawu da kansa, dattijo da farin gemu, yana tura baro cike da jarkoki. Ya sauke a ƙofarta ya ce, "Ba sulhu na zo yi ba. Ruwa na kawo." Sista ta buɗe jarka ta shinshina, ta ji warin maganin da ya rantse ba zai sa ba. Daga baya na ji yana gaya wa direbobi cewa shi ya ƙirƙiro dabarar.

A watanninsa na ƙarshe hannunsa ya fara rawa, ko tambulan da ƙyar yake ɗagawa. Ni lokacin na samu aiki a ƙetaren kogi, sai ƙarshen mako nake zuwa. Kullum na zo famfo na zuba. Na tambaye shi wa ke tura sirinji, ya ce, "Ana yi." Na so in ƙara tambaya, sai na ga kamar rashin kunya ne.

To, wannan shi ne abin da Yaya ya ɗora mini. Matatar lafiyarta ƙalau. Abin da babu shi ne mai tsugunawa kullum da safe. Na yi ta lissafa mutane a raina. Ni ina ƙetare, kuma wanda ya san cunkoson gada da safe ya san ba a yi mata alkawari. Auta tana gidan mijinta a Kano. Sista gwiwa ta hana ta tsuguno. Inna kuwa ta shiga takaba, kuma ko ba takaba kowa ya san maganarta. Na kusa yanke cewa a'a ce amsar, sai dai ban iya yankewa ba.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara rikita ni. A kwanakin makokin, kullum in na gama gaisawa da mutanen masallaci na shigo don in wanke taliya, sai in tarar sirinji a jiƙe, an riga an yi. Kwanon nan na Kawu kuma an ajiye shi a gindin dakali da jan ruwa a ciki, ba a zubar ba. Na zargi Liman. Na zargi direban Kawo. Akwai safiyar da na zargi abin da bai kamata mai digiri ya zarga ba, na yi ta'awwuzi.

Ran bakwai ana sallame asuba na sulale ban tsaya gaisuwa ba. Na shigo tsakar gida. Ga Inna tsugune gaban duro cikin hijabin takaba, ta sa hannu biyu tana tura sirinji, tana ƙunƙuni. Kowane hannu ta ɗaure shi cikin baƙar leda.

"Inna?"

"Kar ka ce komai."

"Amma ai kin ce hannunki..."

Ta ɗago hannayen. "Ya taɓa? Duba da kyau, kai mai karatu. Ya taɓa?"

"Bai taɓa ba. Ina jin. Tun yaushe, Inna?"

"Tun da hannunsa ya fara rawa. Yana zaune can kan kujera yana ba ni umarni kamar masinjansa. Ƙara ƙarfi, Hajiya. Ba haka ba, Hajiya. Na ce masa in ya kuskura ya faɗa wa wani, tatacciyar miya zai ci har ƙarshen rayuwarsa." Ta sake cika sirinji ta tura. "Ya kuwa riƙe bakinsa. Abu ɗaya ke nan da ya taɓa riƙewa."

Ta gama, ta mayar da tiyo, muka ji ruwa ya fara sauka a duron ƙasa. Sai ta ɗauki kwanon ta tsaya da shi a hannu, ta dubi kujerar da ba kowa.

"Wannan ne ya dame ni. Kullum shi nake kai wa. Ya duba ya ce madalla, sannan in zubar. Tun ranar da ya rasu nake ajiye shi, ban san wa zan nuna wa ba."

Na matsa. Na karɓi kwanon na kai shi gaban hancina yadda ake yi. Na ce, "Da a cikinmu zai yi sallar azahar."

Inna ta yi dariya, ta goge ido da bayan leda, ta ce, "To zubar."

Ina zubarwa sai ga Yaya ya fito da makullin mota a hannu. Ya dubi uwarsa, ya dubi ledojin, bai gane ba tukuna. Ya juyo kaina.

"Malam Watakila, yau ce rana. E ko a'a?"

Na ce, "E."

Ya tsaya yana jiran saura. "Shi ke nan? Ba amma?"

Akwai amma, har da yawa. Wata rana taliyar za ta tsufa a sauya ta. Maganin ruwa zai ƙare a sayo. Duk sun taru a maƙogwarona. Na haɗiye su, domin waɗannan nawa ne, zan iya da su ran Asabar.

"Amma ɗaya ce," in ji Inna tana kwance ledar, "kuma tawa ce. Duk wanda ya sake kusantar abin nan da kununa, ko ɗana ne, sai ya bar gidan nan."

Daga bayan bango muka ji ƙarar sarƙa, an ɗauki moɗa, an buɗe famfo.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, har da na ranar kunu. Allah ya sa ruwan nan ya riƙa isa gare shi kamar yadda ya yi fata, ya ba Inna haƙuri da ƙarfin hannu. Allah ya shayar da shi daga Alkausara. In kuma an miƙa masa, ina roƙon Allah ya ba shi ikon sha kawai, kada ya ɗaga.